Kafin Ka Shigo da Gem Cikin Gidanka

 Ɗana, na san abin da ke tafe da kai. Yaron ya yi ƙoƙari a jarrabawa, ko ya kai wata izu a Islamiyya, ka yi masa alkawari a gaban mahaifiyarsa cewa za ka saya masa gem. Hutu ya zo, kullum ka dawo daga aiki sai ya tarye ka a bakin ƙofa yana leƙen hannunka. Alkawari kaya ne, ba zan ce ka saɓa ba. Ba na kuma cikin dattawan da ke ganin duk abin da aka jona da talabijin ɓata tarbiyya ne. Ku da kuke iyaye yau a gaban Sega da Super Mario kuka tashi, ga shi kun zama mutane. Abin da nake so kawai, ka zauna mu yi magana tun kuɗin suna aljihunka.

Yawancin iyayen da ke neman shawara tambaya ɗaya suke yi: wanne ya fi, PS4 ko PS5? Wannan tambayar yaron ce, shi ya ɗora maka ita a baki, don ita yake ji wurin abokansa. Taka tambayar daban take. Me zai riƙa fitowa a talabijin ɗin gidanka? Da wa ɗanka zai riƙa hira ta cikin wannan akwati? Wa ke da ikon kashe shi, kuma ƙarfe nawa? Baƙo ne za ka saukar a gidanka, wanda zai kwana ya tashi da 'ya'yanka, ya fi ka samun lokacinsu. Ba ka taɓa saukar da baƙo don kyan rigarsa ba, sai ka san ko shi wane ne.

Wata magana kuma da ba a cika faɗa ba: gem ya riga ya shiga gidanka. Yana cikin wayar mahaifiyarsu, yana cikin tsohuwar wayar da ka bar wa babban yaron. Free Fire da PUBG da ire-irensu a waya ake buga su, a cikin bargo, bayan an kashe fitila, da mutanen da ba wanda ya san su. Saboda haka ni a wurina akwatin da aka jona da talabijin ɗin falo, inda duk mai wucewa zai ga abin da ake yi, ya fi wayar nan aminci nesa ba kusa ba. In za ka saya, ka saya da niyyar ya maye gurbin wayar. In ƙari zai zama a kanta, ka bar kuɗinka.

A nan Minna mafi yawanmu ba sabo muke saya ba. Na hannu ne, PS3 ko PS4 da ya sha aiki a Turai ko Amurka, ya biyo ta Legas ko Abuja, ya iso shagunan kayan lantarki na cikin gari. Ba laifi ba ne, daidai ƙarfinmu ke nan. Inda gizo ke saƙa shi ne kalma ɗaya da mai shago zai faɗa maka, wadda za ta yi maka daɗi a kunne: “Alhaji, wannan an loda shi. Gem ashirin ne a ciki, ba ruwanka da sayen faifai.”

Na taɓa tsayawa a wani shago ana irin wannan ciniki. Uban yana lissafin kuɗi, mai shago ya kunna akwatin don ya nuna lafiyarsa ƙalau, yaron kuma, wanda bai wuce shekara tara ba, ya karɓi hannun gem ɗin yana gangarawa kan hotuna. Ga na ƙwallo, ga na tseren mota, ga na kokawa. Sai ya zo kan wani ya tsaya, ya saci kallon mahaifinsa, ya wuce da sauri. Ya san shi. Uban bai ko ɗaga kai ba, ragin dubu biyar yake nema. Aka sa a kwali, aka ɗaure, suka hau Keke suka tafi.

Wanda yaron ya wuce da sauri sunansa GTA V, kuma da wuya ka sami akwatin da aka loda babu shi. Ya fito a 2013. A cikinsa mai wasa shi ne ɗan fashin. Shi zai fizgo direba daga mota ya gudu da ita, shi zai harbi ɗan sanda, shi zai shiga gidan rawar tsiraici, shi zai tsayar da mota ya ɗauki mace mai zaman kanta. Akwai wurin da aka ɗaure mutum a kujera, aka jera kayan azabtarwa, mai wasa ne zai zaɓi na ɗauka, har da filaya ta cire haƙori. Ka gafarce ni da na faɗa maka dalla-dalla, gara ka ji daga bakina. Bambancinsa da fim shi ne a fim yaro kallo yake yi, a nan kuwa yatsunsa ne ke aikatawa, kuma in ya iya sai a ba shi lada a buɗe masa mataki na gaba. Ban ce duk yaron da ya buga shi zai zama ɗan daba ba. Na ce ɗan shekara tara bai kamata ya san waɗannan wurare ba, balle a ce mahaifinsa ne ya biya kuɗin kai shi.

Waɗanda suka ƙera abin ma sun yarda da haka. Lokacin da Mortal Kombat ya fito a 1992, da jininsa da fille kansa, iyaye a Amurka suka yi ca, har majalisar dattawansu ta zauna a kai a ƙarshen 1993. A 1994 aka kafa hukumar ESRB mai tantance gem bisa shekaru. Turai ta kafa tata, PEGI, a 2003. Tun daga nan kowane faifai na asali yana zuwa da alama a ƙasan kwalinsa ta gefen hagu. Ka ɗauki kwalin ka duba da idonka. In na Turai ne za ka ga lamba: 3 ko 7 a kore, 12 ko 16 a ruwan lemo, 18 a ja. In na Amurka ne harafi za ka gani: E na kowa da kowa, T na 'yan shekara 13 zuwa sama, M na wanda ya kai 17. Ka juya bayan kwalin na Turai, akwai ƙananan zane. Dunƙulallen hannu na nufin duka da kisa, gizo-gizo na nufin ban tsoro, sirinji na nufin ƙwaya, 'ya'yan ludo na nufin caca, hannu riƙe da katin banki na nufin za a nemi kuɗi a cikin wasan. Ba sai ka iya Turanci ba. GTA V jar lamba 18 gare shi. Mortal Kombat na yanzu haka, God of War haka, yawancin Call of Duty haka. Mutanen da muke cewa sun fi mu sakaci da tarbiyya su suka rubuta cewa kada a ba yaro, mu kuma muna ɗaukowa mu ajiye a falo.

To akwatin da aka loda ba shi da kwali, ba shi da alama. Arahar da ka samu ke nan: an cire maka gargaɗin. Maganinsa bai da wuya. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya karanta maka sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta kowane suna a wayarka tare da kalmar PEGI, lambar za ta fito nan take. Duk wanda ya wuce shekarun ɗanka, ka ce a goge shi a gabanka. Zai ce maka asara ce, ai kyauta ne. Ka ce ka ji, a goge. In gem uku suka rage, ukun sun isa. Ka kuma sani cewa wannan lodin ba da yardar masu abin aka yi shi ba, kwafi ne na bayan fage, kuma akwatin da aka yi wa haka in ya hau intanet yana iya lalacewa ko kamfanin ya toshe shi. In kana da hali, faifai biyu ko uku na asali, ko da na hannu ne, sun fi maka kwanciyar rai ta kowace fuska.

Kada kuma ka ɗauki lambar nan a matsayin fatawa. Ma'auninsu ba namu ba ne. Abin da suka ga ya dace da ɗan shekara 12 yana iya ɗauke da shiga ko kiɗa ko soyayyar da kai ba za ka yarda da ita a gidanka ba. Wasu wasannin an gina su ne kacokan a kan gumakan Girkawa da na mutanen arewacin Turai. A 2008 kamfanin Sony ya janye wani wasan yara mai suna LittleBigPlanet daga kasuwa gab da fitowarsa, saboda an gano wata waƙa a ciki da ta ƙunshi ayoyin Alƙur'ani. A 2021 masu Call of Duty sun ba Musulmi haƙuri bayan an ga shafukan Alƙur'ani watse a ƙasa a wani ɓangare na wasan, suka cire. Duka biyun an gyara ne don wani ya zauna ya kalla ya gani. Lambar tana gaya maka abin da za ka ƙi tun daga nesa. Abin da za ka yarda da shi kuwa, sai ka kalla da kanka.

Na san za ka ce, ai nawa ƙwallo kawai yake so. Haka ne, yawancin yaranmu ƙwallon ce ta ja su. Wanda aka sani da FIFA ya koma EA Sports FC tun 2023, PES kuma ya koma eFootball a 2021. Ƙwallon kanta ba ta da aibu. Wa da ƙani su zauna, wannan ya ɗauki Barcelona, wancan ya ɗauki Chelsea, a yi ihu a yi dariya, wannan wasa ne mai kyau, kai ma za ka ji daɗinsa. Matsalar tana farawa ranar da aka jona shi da intanet. Akwai sashen da yaro ke haɗa tasa ƙungiyar, ana sayar masa da rufaffen ƙunshi na 'yan wasa, bai san wa ke ciki ba sai ya biya ya buɗe. Yau ya sami na banza, sai ya ce gobe zai dace. Ka san sunan wannan a Hausa. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin da ke yin wasan ya daina sayar da kuɗin sayen ƙunshin a can. A Disambar 2022 masu Fortnite sun amince su biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don a mayar wa mutanen da aka ja su suka sayi abin da ba su yi niyya ba, da yawansu iyaye ne da yara suka kashe musu kuɗi ba da saninsu ba. Don haka kada ka taɓa ajiye lambar katin bankinka a cikin akwatin, ko sau ɗaya, ko don gwaji. Ɗan firamare kuma ba shi da wata buƙata da intanet a gem. Ka bar shi a cire.

Shi ya sa ma ban ƙi a sayi na gida ba, don na ga gidajen gem na unguwanni. Ɗaki ɗaya, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, janareta na ruri a bakin ƙofa, yara sun cika maƙil har da masu kayan makaranta. Dokar wurin ita ce wanda aka ci shi zai biya. Daga nan ake fara ɗora ɗari biyu a kan wasa, daga nan canjin cefane ke fara ɓata a gida. Ba duka masu wuraren ne mutanen banza ba, sana'a suke nema. Amma ɗan shekara goma da ya saba da cewa wasa ba ya daɗi sai an sa kuɗi, shagon cacar ƙwallo ba zai yi masa nisa ba in ya girma.

Yanzu mu zo kan akwatunan kansu, mu auna su da halin garinmu, ba da tallar da ake yi a waje ba.

Jiharmu ce ke da madatsun samar da wuta na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma kai da ke Bosso ko Tunga ko Maitumbi ka fi ni sanin awa nawa wuta ke yi a layinku. PS5, wanda ya fito a Nuwamban 2020, yana jan wuta kusan wat 200 in ana tsakiyar wasa, ban da talabijin. Awa uku kullum, ka lissafa, yunit 18 ke nan a wata a mitarka. Ƙaramar inbata da ka haɗa don fanka da fitila za ta ji a jikinta. Abin da ya fi wannan shi ne ɗaukewar wuta ba sallama. Waɗannan akwatuna ba sa son a yanke musu wuta suna aiki. In aka dawo da ita za ka ga ya tsaya yana duba ma'ajiyarsa, yana gargaɗin cewa ba a kashe shi yadda ya kamata ba, wata rana kuma sai ya ƙi tashi. Wanda zai sayi PS4 ko PS5 a Minna ya sa kuɗin sitabilaiza a lissafi, in da hali har da UPS da zai ba yaro minti biyar ya kashe shi lafiya. In kuma tsohon PS2 ne mai ƙaton jiki, ka duba bayansa: wanda aka yi don Amurka ko Japan wutarsa 100 zuwa 120 ce, tamu 230, kana jona shi kai tsaye zai ƙone.

Ga zafi, ga ƙura. Watan Maris da Afrilu a garin nan ba sai an gaya maka ba, hunturu kuma ƙura har cikin kwano. Akwatin da aka cusa a cikin kabad ko aka ajiye a kan kafet zai shaƙe, fankarsa ta riƙa ƙara, ya riƙa mutuwa da kansa. Masu gyara za su gaya maka abin da suke tararwa in sun buɗe PS4: ƙura da kyankyasai, don suna son ɗumin wurin. Ka ɗora shi a sarari, sama da ƙasa, a rufe shi da kyalle in an kashe.

Sai data. Manyan wasannin yanzu wani ya haura gigabait 100, kuma ko da faifai ka saya, sau da yawa sai ya nemi ƙarin saukewa. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 ka san yadda data ta koma. Wannan ne ya sa ba na ba mutumin Minna shawarar Xbox Series S ko PS5 marar wurin faifai, duk da sun fi araha a ido. Ba su cin faifai sam. Komai sai an sauke, komai sai an biya da kuɗin waje, ba za ka ari wasa wurin maƙwabci ba, ba za ka sayar da wanda aka gaji da shi ba.

Ga ɗan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, in aljihu zai ɗauka, Nintendo Switch na fi so. Ya fito a 2017, sabonsa Switch 2 a 2025, amma na farkon ya wadatar. Wutar da yake ci ba ta kai wat 20 ba, yana da batir a jikinsa, in an ɗauke wuta wasa bai lalace ba. Wasanninsa da suka fi shahara na yara ne tun asali, irin su Mario Kart mai lamba 3, ana kuma samun Minecraft mai lamba 7, inda yaro ke gina gida da gona da gada da tunaninsa. Yana da manhaja ta waya da za ta nuna maka minti nawa aka buga yau, ta kuma tsayar da wasan in lokaci ya cika. Aibinsa biyu. Kaset ɗinsa na da tsada kuma ba a ko'ina ake samu a garin nan ba, masu gyaransa ma ba su kai na PlayStation yawa ba. Na biyun ya fi damuna: ana zare shi a tafi da shi ɗaki. In ka saye shi, dokarsa ita ce a falo yake kwana.

Ga wanda ya shiga sakandare, PS4 na hannu mai lafiya, da faifan ƙwallo ɗaya da na tseren mota ɗaya, ya isa har ya yi yawa. PS5 an fara sayar da shi dala 499, kuma ka san inda Naira ta tsaya tun 2023. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira dubu 70, wannan kuɗin makaranta ne na zango da zango. Kada ka ci bashi a kan abin wasa, kada ka taɓa jarin shago, kada ka saya don ɗan wane yana da shi. Yaro yana lura da abin da mahaifinsa ke takura kansa a kai, daga nan yake gane abin da ke da daraja a gidan.

Wanda bai kai shekara shida ba kuwa, ka bar shi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a yini, ƙasa da haka ya fi. Irin wannan yaro wasan ƙasa yake buƙata da guje-guje da 'yan'uwa. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake sokawa a bayan talabijin, waɗanda ake cewa suna da wasa dubu goma, yawanci tsofaffin wasanni ne ake ta maimaitawa, hannayensu kuma ba sa jure yara. Ba za su cutar da aljihunka sosai ba, amma su ma ka duba abin da ke ciki.

In na hannu za ka saya, kada ka yi gaggawa a shagon. A kunna, a bar shi ya yi rabin awa ana wasa, ka kasa kunne ka ji fankar. A sa faifai a cire. Ka karɓi hannun gem ɗin, ka ajiye shi a kan tebur ba tare da ka taɓa komai ba, ka kalli talabijin: in ɗan wasan yana tafiya da kansa, sandar ta lalace. Ka duba ko an taɓa ɓalle hatimin da ke bayansa. Ka nemi rasit da sharaɗin kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Ka sayi hannu biyu. Wannan kada ka yi rowarsa, ko da zai sa ka rage wani abu. Hannu ɗaya yana haifar da yaro ɗaya da ya juya wa gida baya da sauran da ke kuka a bayansa. Hannu biyu yana sa a jira layi, a koyi haƙuri, a koyi shan kaye ba tare da an jefar da abu ba. Kuma 'yan matan gidan suna da rabo. Kada Yaya ya mallake shi, ƙannensa mata su zama 'yan kallo da kawo ruwa.

Kai kuma mai iyali biyu, ka saurare ni da kyau. Kada ka ce na wane ne, kada ya kwana a ɗakin ɗaya daga cikin iyayen. Ka ce na gida ne, ka ajiye shi a falonka, ka raba lokaci da adalci a gaban kowa. Na ga ƙaramin abu irin wannan ya shuka ƙiyayya tsakanin 'yan uba, manya suna ganin wasa ne, yaran kuwa sun riƙe har girmansu. In ba za ka iya adalci a kansa ba, rashinsa ya fi alheri.

Ranar da ya iso gida, kai za ka fara kunna shi, ba yaron ba. Ka buɗe asusu da sunanka a matsayin babba, ka buɗe wa yaron nasa a ƙarƙashinka da ainihin shekarar haihuwarsa. Masu shago sukan buɗe asusun babba ɗaya su miƙa, shi ke nan duk ƙofofi a buɗe. A cikin saitin iyali za ka iya ƙayyade lambar shekarun da ba za a wuce ba, ka rufe hira da baƙi, ka mayar da kuɗin kashewa sifiri, ka sa awannin wasa. PS4 yana zuwa da lambar sirri 0000, kuma yaran unguwa duk sun san haka. Ka canza ta, kada kuma ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. In abin ya shige maka duhu, ka kira ƙaninka ko wani ɗalibin jami'ar fasaha ta Gidan Kwano da ka yarda da shi, ya nuna maka, amma kai za ka danna lambar.

Batun lokaci, kowane gida da tsarinsa, sai dai a yi dokar tun ranar farko, don wadda aka kawo daga baya rigima take zama. Ƙasar Sin, wadda ke cikin manyan masu ƙera wasannin nan, a Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ban ce ka kwafe su ba, amma ka ga ba ƙauyanci ba ne uba ya sa iyaka. Ni abin da na ga yana aiki shi ne ranakun makaranta babu, ƙarshen mako awa ɗaya ko biyu bayan an gama aikin gida da hadda. In an kira salla a ajiye, ko ana minti na tamanin da tara. Ka taimake shi da cewa kada ya fara sabon wasa in lokacin salla ya matso, don yanke wasa a tsakiya yana da ciwo, kuma ba ma so yaro ya riƙa jin kiran salla a matsayin abin da ke katse masa jin daɗi. Wanda ke shirin WAEC ko NECO, wadda hedikwatarta ke nan garinmu, a naɗe wayoyin a sa a akwati sai ya ajiye biro.

Ka kuma riƙa lura. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, ta kuma bayyana alamominsa: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya gabaci komai a rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, a kuma ɗauki kamar shekara a haka. Kaɗan ne ke kaiwa can, kada ka firgita don yaro ya yi ɗoki a makon farko. Amma in ya fara ƙarya a kan lokaci, yana gyangyaɗi a aji, ya daina fita ƙwallon fili da abokansa, ko ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya don ta ce ya kashe, to ka ɗauke akwatin na wasu makonni, ka zaunar da shi ka gaya masa dalili. Duka ba ya gyara wannan, fasa akwatin ma ba ya gyarawa, gidan gem na bayan layi zai koma.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka, ɗana, ka riƙa zama. Ko sau ɗaya a mako ka ɗauki hannu na biyun ka ce ya koya maka. Zai ci ka, zai yi dariya, a cikin dariyar za ka ji sunayen abokansa, ka ji wasan da ake yayi a ajinsu, ka ji abin da ya gani a gidan wani. In aikinka ba zai bar ka ka yi haka ba, ka jinkirta sayen har ka sami sarari.

Ke kuma 'yata, uwar yaran, ke ce a gida lokacin da yake wurin nema. Ki sa ya ba ki lambar sirrin, ki koyi inda ake kashewa, ku tsaya a kan magana ɗaya, kada yaro ya sami izini wurin ɗaya bayan ɗayan ya hana. In kuka yana sa ki sassauta, ki gaya wa mahaifinsu tun da wuri. Allah ya raya mana su bisa tafarki nagari, ya ba ku ikon sauke amanarsu.